Mu'ujiza Ba Ta Tsoron Lissafi

Karatu: Markus 6:30-44
Ayar haddacewa: Luka 16:10

Bari in yi maka tambaya ɗaya kafin mu shiga Maganar Allah. Nawa ya shigo hannunka a watan jiya, kuma ina ya tafi? Yawancinmu muna iya amsa rabin farko ba tare da jinkiri ba. Rabi na biyu shi ne inda baki ke yin nauyi. Sai ka ji mai bi yana cewa, "Ni dai ban san yadda kuɗin nan ke tafiya ba." Yana zuwa sujada, yana fitar da zakka, yana azumi, amma kafin ranar 15 ga wata aljihu ya bushe, mai shago ya fara ɗaure fuska, makaranta ta koro yara. Daga nan sai gardama ta shiga tsakanin miji da mata, addu'ar safe ta iyali ta yi sanyi, zuciya ta fara tuhumar Allah a asirce.

Saƙona gare ka yau ɗaya ne: kuɗin da ke hannunka amanar Allah ce, kuma mai riƙon amana yakan rubuta. Wayar da ke aljihunka za ta iya taimakonka ka yi haka.

Yesu ya sa an ƙirga

Ka dubi karatunmu da kyau. Taro mai yawa ya bi Ubangiji Yesu zuwa wurin da ba kowa, yamma ta yi, yunwa ta kama mutane. Almajirai suka roƙe shi ya sallame su. Da ya ce su ne za su ciyar da jama'ar, nan take suka yi lissafi a ka, suka ambaci dinari 200. A Matiyu 20:2 dinari ɗaya shi ne ladan ɗan ƙodago na yini guda, wato abin da suka ambata ladan kwana 200 ne. Ubangiji bai tsawata musu don sun yi lissafi ba. Ya ma ƙara musu wani. Ya tambaye su yawan gurasar da suke da ita, ya kuma tura su su gani da idonsu. Suka komo da amsa: gurasa 5 da kifi 2.

Lissafin bai tsaya nan ba. Ya sa mutane suka zauna rukuni-rukuni, waɗansu 100, waɗansu 50. Bayan kowa ya ci ya ƙoshi, aka tattara ragowar, aka ƙirga kwanduna 12. An kuma san yawan mazan da suka ci, su 5,000 ne. Yahaya 6:6 ya nuna mana cewa Yesu ya riga ya san abin da zai yi. To, don me ya sa aka ƙirga? Don almajiran ne. Wanda bai san cewa gurasa 5 ce kawai aka fara da ita ba, kwanduna 12 ba za su ba shi mamaki ba. Mu'ujizar ta fara da ƙirga, ta kuma ƙare da ƙirga. Haleluya!

Na san akwai 'yan'uwa masu ganin cewa rubuta kashe-kashen kuɗi alama ce ta ƙarancin bangaskiya. Sukan kawo misalin Dawuda, wanda ya ƙidaya mayaƙan Isra'ila ya jawo hukunci, kamar yadda yake a 2 Sama'ila 24. Amma ka tuna cewa Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙidaya jama'a, har littafi guda a cikin Littafi Mai Tsarki ana kiransa Littafin Ƙidaya. A zamanin sarki Yowash, magatakardan sarki da babban firist ne suke ƙirga kuɗin akwatin gyaran Haikali, 2 Sarakuna 12. Ezra kuma, da ya iso Urushalima da azurfa da zinariya, sai da aka auna kome aka rubuta nauyinsa, Ezra 8:33-34. Abin da Allah yake dubawa shi ne zuciyar mai ƙirgawa. Wani yana ƙirgawa don ya jingina ga ƙarfinsa, wani kuwa don ya ba da lissafin gaskiya ga Maigidansa.

Ka nemo inda jakar ta huje

A Haggai 1:6 annabi ya kwatanta mutanen zamaninsa da ma'aikacin da ke zuba ladansa a jaka mai huji. Sun yi watsi da gidan Allah, albarka ta janye. Har sau biyu a surar Ubangiji ya kira su su bincika hanyoyinsu. Mun gaskata akwai mai cinyewa, Malakai 3:11 ya ambace shi, muna kuma tsawata masa cikin sunan Yesu. Sai dai Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kana iya kwana kana ɗaure ruhun talauci, gari ya waye ka buɗe masa ƙofa da hannunka.

Yi wannan lissafi tare da ni. A ce kullum naira 500 tana fita hannunka a kan abin da ba ka ma tuna shi da dare: lemo, ƙarin data, kuɗin cire kuɗi a wurin mai POS, ko tikitin cacar ƙwallo. A kwana 30 naira 15,000 ke nan. A shekara naira 182,500. Idan hayar gidanka naira 240,000 ce a shekara, ka ga kashi uku cikin huɗu na hayar sun zurare ta wannan ɗan huji. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Irin wannan huji ƙwaƙwalwa ba ta riƙe shi, sai an rubuta yake bayyana.

Zamanin da muke ciki kuma ba ya yafe wa mai kashe kuɗi da ka. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar 2024. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a shekarar 2024 naira 70,000 ne. Lissafin da ka saba yi a ka shekaru biyar da suka wuce ya daina aiki. Mai gida da uwar gida suna bukatar su ga lambobin a gabansu.

Kayan aikin da ke aljihunka

Akwai manhajar da ake kira jadawalin lissafi. Shafi ne mai layuka a tsaye da layuka a kwance, sun haɗu sun fitar da ƙananan gidaje kamar na dara. A kowane gida kana iya rubuta kalma ko lamba, ka kuma umarci manhajar ta haɗa, ta ɗebe, ko ta raba. Irinta ta farko da ta yaɗu a ƙananan kwamfutoci ita ce VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka a 1979. Kafin lokacin, idan akawu ya canza lamba ɗaya a takarda, dole ya goge ya sake lissafin kome da hannu. Da wannan manhaja, ka canza lamba ɗaya, jimla ta gyara kanta. Yau akwai Microsoft Excel, akwai Google Sheets wadda take kyauta ga duk mai adireshin Gmail, akwai WPS Office a wayoyi da yawa, akwai kuma LibreOffice Calc ta kyauta a kwamfuta. Abin da dā sai manyan kamfanoni, yanzu yana tafin hannun malamin firamare da mai sayar da kayan miya. Wannan ma alherin Allah ne.

Ga yadda za ka fara. Buɗe sabon shafi, ka yi amfani da layuka huɗu na tsaye. A layin A ka rubuta kwanan wata, a B abin da ka saya ko ka biya, a C rukuninsa, kamar abinci, mota, makaranta, magani, a D kuma yawan kuɗin. A wani gida can gefe ka rubuta =SUM(D2:D200), manhajar za ta riƙa haɗa maka duk abin da ka shigar. In kana so ka san abin da rukuni ɗaya ya ci, ka rubuta =SUMIF(C:C,"abinci",D:D), za ta tsamo kuɗin abinci kaɗai. In wannan ya yi maka wuya, ka nemi wani matashi a ikkilisiya ya shirya maka sau ɗaya, ba zai ɗauke shi rabin sa'a ba.

A watan farko kada ka canza kome, ka dai rubuta. Kowane dare, kafin addu'ar kwanciya, ka ɗauki minti biyar ka shigar da abin da ya fita a ranar. Saƙonnin banki da tarihin cinikin da ke cikin manhajar bankinka za su tuna maka da abin da ka manta. Kuɗin hannu ne ya fi saurin ɓacewa, don haka ka rubuta shi tun da zafinsa. Ka kuma rubuta gaskiya. In ka kashe kuɗi a kan abin da kake jin kunyar rubutawa, Ruhu Mai Tsarki ya riga ya nuna maka inda za ka fara tuba. Jadawalin da aka yi wa ƙarya ba ya taimakon kowa.

Ka zauna kafin ka fara gini

A Luka 14:28-30 Ubangiji ya yi maganar mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya auna ko kuɗinsa zai kai, don kada ya kafa harsashi ya kasa gamawa ya zama abin dariya. Yana magana ne a kan tsadar zama almajirinsa, amma ya ɗauki misalin daga hankalin da kowa ya yarda da shi. Bayan ka yi wata guda kana rubutawa, lokacin zama ya yi. Buɗe shafi na biyu mai layuka uku: abin da na shirya, abin da na kashe, da bambancinsu.

Ga misali kawai, lambobinka za su bambanta. A ce abin da ke shigowa gida a wata naira 150,000 ne. Layi na farko na Ubangiji ne: zakka 15,000. Hayar gida ta shekara 240,000, ka raba ta gida 12, kowane wata 20,000. Kuɗin makaranta 40,000 a kowane zango, zango uku 120,000, wato 10,000 a wata. Abinci 60,000. Kuɗin mota 18,000. Wuta da ruwa da gas ko gawayi 12,000. Kati da data 6,000. Abin aika wa iyaye 5,000. Jimla 146,000. Saura 4,000 na tanadin rashin lafiya da abin da ba a zata ba.

Ka lura da abu biyu. Na ɗaya, haya da kuɗin makaranta ba baƙi ba ne. Ka san ranar zuwansu tun farkon shekara. Idan ka raba su wata-wata kana ajiye su a wani asusu dabam ko a adashi mai aminci, watan Satumba zai daina zama watan kuka a gidanka. Na biyu, a wannan misali babu wurin naira 15,000 ɗin nan da ke zurarewa. In ta fita, to daga haya ta fito, ko daga bakin yara. Yanzu ka gani da idonka, gani kuwa ya kori ji.

Wataƙila kai manomi ne, ko ɗan kasuwa, ko mai aikin hannu wanda samunsa ke hawa da sauka. Ka koyi darasi daga Yusufu a Farawa 41. Allah ya bayyana cewa shekara 7 na ƙoshi za su zo, shekara 7 na yunwa su biyo baya. Yusufu bai tsaya ga fassarar mafarki ba, ya ba Fir'auna shawara a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa a shekarun ƙoshi. Wahayi ya zo daga sama, tsari ya biyo baya a ƙasa. Ka gina kasafinka a kan watan da ka fi samun kaɗan, abin da ya ƙaru a watan albarka ka ɗauke shi ajiyar watan ƙunci. Manomi ya rubuta buhunan da ya girbe, na ci, na iri, na sayarwa, da na Ubangiji, tun kafin hidimomin Kirsimeti su buɗe rumbu. Ɗan kasuwa ya raba shafin jari da shafin cefane, domin jarin da ake ci daga cikinsa ba ya daɗewa. In kuwa ba ka da babbar waya, ka sayi littafin rubutu, ka ja layuka huɗun nan da biro. Amincin ne Allah yake nema.

Shafin bashi

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma Karin Magana 22:7 ta gargaɗe mu cewa cin bashi yana sa mutum ƙarƙashin ikon wanda ya ba shi. Buɗe shafi na uku ka jera duk wanda yake binka: mai shago, ƙungiyar wurin aiki, ɗan'uwa a ikkilisiya, manhajar ba da rance. Ka rubuta nawa ne, nawa ne ruwan da ke kai, da ranar biya. Mutane da yawa suna gudun wannan shafi domin jimlar tana ba su tsoro. Bashin da ba a duba ba yakan ci gaba da girma a cikin duhu. Ka yi hattara musamman da manhajojin rancen gaggawa. Ruwansu yana da yawa, waɗansunsu kuma in aka makara sukan aika wa mutanen da ke cikin wayarka saƙon tozarci. Kada ka ci sabon bashi don biyan tsoho. Ka fara da wanda ruwansa ya fi ci, ka je wurin sauran ka gaya musu gaskiya da ranar da za ka biya.

Ka tuna da gwauruwar da ke 2 Sarakuna 4:1-7, wadda mai binta bashi yake shirin kwashe 'ya'yanta biyu. Elisha ya fara da tambayarta abin da take da shi a gida. Bayan mai ya cika tuluna, ya tsara mata yadda za ta yi: ta sayar, ta biya bashi, ita da 'ya'yanta su rayu da ragowar. Ko kuɗin mu'ujiza sai da aka yi masa kasafi.

A nan zan ƙara magana ɗaya cikin ƙauna. Kada ka tashi a tsakiyar taro ka yi alkawarin baikon da ba ka da hanyar cikawa don kawai ana kallonka. Mai-Wa'azi 5:4-5 ya nuna cewa rashin yin wa'adi ya fi yin wa'adin da ba a cika ba, 2 Korintiyawa 8:12 kuma ta koya mana cewa Allah yana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi. Mai kasafi yana bayarwa da fara'a, domin ya san abin da ya keɓe. In Ruhu Mai Tsarki ya ce ka yi sadaukarwa fiye da haka, za ka san ainihin abin da kake sadaukarwa.

Miji da mata a shafi ɗaya

Ɗan'uwana, matarka ta san abin da kake samu? 'Yar'uwata, maigidanki ya san adashin da kike zubawa da bashin da ke kanki? Gidaje da yawa suna addu'a da murya ɗaya amma aljihunsu yana gaba da juna. Miji yana zargin an yi almubazzaranci da kuɗin cefane domin ya daɗe bai taka kasuwa ba. Mata tana zargin ana ɓoye mata domin ba a taɓa nuna mata kome ba. Google Sheets tana ba mutum biyu damar buɗe jadawali ɗaya, kowa daga wayarsa. Ku keɓe yamma ɗaya a wata, ku fara da addu'a, ku duba lambobin tare ba da neman mai laifi ba. Ku bar yaran da suka yi wayo su ga yadda ake yi. Gargaɗi ɗaya kawai: kada ku rubuta lambar sirri ta katin banki, ko BVN, ko kalmar shiga asusu a cikin jadawalin, kuma ku sa wa wayoyinku makulli.

Idan lambobin suka ƙi haɗuwa

Mai yiwuwa ka rubuta kome, ka toshe kowane huji, duk da haka abin da ake bukata ya fi abin da ke shigowa. Kada ka karai. A daidai wannan wuri almajirai suka tsaya da gurasa 5 a gaban dubban mutane. Suka miƙa ta ga Yesu, ya dubi sama, ya sa albarka. Yanzu addu'arka za ta sami kai. Maimakon ka ce kawai Allah ya buɗe hanya, za ka ce, "Uba, naira 20,000 ce ta rage mini kowane wata, ka nuna mini abin da zan rage da sana'ar da zan ƙara." Ka kuma buɗe shafi na huɗu, shafin godiya. Duk kyautar da ba ka zata ba, mudun masarar da maƙwabci ya kawo, aikin da ya zo a kan kari, ka rubuta. A ƙarshen shekara za ka ƙirga kwandunanka, shaidarka kuma za ta fito da kwanan wata.

Idan kuwa lambobin sun yi kyau har da rara, ka yi tsaro. Mai arzikin nan na Luka 12:16-21 gwanin tsari ne. Ya lissafta amfanin gonarsa, ya shirya manyan rumbuna, amma bai bar wa Allah ko maƙwabci wuri a shirinsa ba, a daren nan aka karɓi ransa. Jadawali bawa ne mai amfani, kada ka mai da shi abin dogara. Ka sa layin gwauraye, marayu da aikin bishara a cikin kasafinka.

Akwai kuma lissafin da ya fi na naira. Romawa 14:12 ta tuna mana cewa kowannenmu zai tsaya gaban Allah ya ba da bayanin rayuwarsa. Bashin zunubi babu kasafin da zai biya shi. Amma Kolosiyawa 2:14 ta yi mana albishir cewa Allah ya soke takardar bashin da ke kanmu a kan gicciyen Almasihu. In ba ka taɓa miƙa ranka ga Yesu ba, ka fara da wannan yau. Wanda aka yafe wa bashi mai girma haka, ya dace ya riƙe ƙaramar amana da aminci.

Abin yi yau

Kafin ka kwanta, buɗe jadawali ko littafi, ka ja layuka huɗu, ka rubuta duk abin da ya fita hannunka tun safe. Ka ci gaba har kwana 30.

Mu yi addu'a

Ya Uba na sama, na gode domin duk abin da ke hannuna daga wurinka yake. Ka ba ni zuciyar amintaccen wakili. Ruhu Mai Tsarki, ka haskaka kowane huji a jakata, ka ba ni ƙarfin toshe shi. Na tsawata wa mai cinyewa, na karya karkiyar bashi a kan gidana. Ka kawo salama da gaskiya tsakanin miji da mata. Ga 'yar gurasata, ya Ubangiji, na ƙirga ta, na sa ta a hannunka. Ka sa mata albarka ta ishe ni, ta ishi iyalina, har a sami ragowa domin waɗansu. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.